Wuƙar aljihu ko abin fasa gilashi: wanne ya kamata a ajiye a mota?

Aminu D.:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana. Mutum yana son ya ajiye abu ɗaya a mota saboda ranar tsautsayi, ko ƙofa ta ƙi buɗuwa, ko bel ya maƙale, ko mota ta faɗa ruwa. Akwai wuƙaƙen aljihu masu ɗan tsini a gindin ƙota, akwai 'yar guduma ja ɗin nan, akwai kuma ƙaramin da ake ratayawa a jikin makulli. Wanne ya fi? Wuƙa mai kyau ita kaɗai ba za ta wadatar ba?

Malam Sani Mai Gilas:
Wa alaikumus salam. Malam Aminu, ajiye maganar wuƙa tukuna, ka fara duba gilashin motar, domin shi zai gaya maka abin da za ka saya.

Gilashin mota iri biyu ne. Na farko gasasshe: ana kai shi zafin da ya haura digiri 600, sannan a hura masa iska mai sanyi nan take. Fuskarsa ta waje tana daskarewa a matse, cikinsa kuma yana nan a ɗaure kamar ana jan sa. Shi ya sa za ka buga masa dutse ya ƙi fashewa, amma da zarar tsini mai tauri ya huda wannan fuskar ya kai ciki, gaba ɗaya yake rugujewa ya zama tsakuwa-tsakuwa. Kaurinsa a tagar mota yawanci milimita 3 zuwa 5 ne.

Na biyu mai leda a tsakiya: gilashi biyu ne aka manne da wata leda mai yauƙi, kaurinta wajen milimita 0.76. Shi ne gilashin gaba na kowace mota ta zamani. Ka buga masa duk abin da ka ga dama, tsagewa kawai zai yi kamar saƙar gizo, ledar ta riƙe shi. Matsalar ita ce yanzu motoci da yawa suna zuwa da irinsa a tagogin gefe ma, musamman ƙofofin gaba, don rage ƙarar hanya da hana mutum fita ta taga idan mota ta wuntsila.

Yadda za ka gane: dubi kusurwar ƙasa ta kowane gilashi, akwai ɗan tambari. Idan an rubuta Tempered ko Toughened, gasasshe ne. Idan an rubuta Laminated, mai leda ne. A tambarin Turai mai harafin E a cikin da'ira, XI a kusa da shi yana nufin mai leda ne na gefe. In rubutun ya goge, sauke gilashin rabi ka dubi bakinsa na sama: mai leda za ka ga layi uku, gilashi, leda, gilashi. Kowace taga a duba ta daban. Kada ka duba ɗaya ka yanke wa sauran hukunci.

Injiniya Balarabe:
Abin da Malam Sani ya faɗa an gwada shi. A 2019 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan kayan guda shida, uku masu sifirin, uku irin guduma. Huɗu sun fasa gasasshen gilashi. Babu ko ɗaya da ya fasa mai leda. Masu sifirin sun fi gudumomin yin aiki. Sun kuma ce kusan kashi ɗaya cikin uku na samfuran motocin 2018 suna da mai leda a gefe. Saboda haka in motar ba tsohuwa ba ce, kada a ɗauka, a duba.

Kabiru Wuƙa:
Ni dai ina bayan wuƙa, in dai an zaɓi wadda ta dace. Abin makullin nan aiki biyu kawai ya iya: fasa gilashi da yanke bel. Wuƙa kuwa za ta yanke bel, ta yanke riga, ta yanke igiya, ta yanke jakar iska (airbag) da ta tokare mutum, kuma kullum tana jikinka ko motar wani ka shiga. Abin da za a duba:

Baki: kada ya zama mai tsini. A nemi mai dakusasshen kai, wanda bayansa ya lanƙwaso ƙasa, yadda za ka zura shi tsakanin bel da jikin mutum ba tare da ka soke shi ba. Kaifin kuma ya zama mai haƙora, don a kan zaren bel mai haƙora yana kamawa ya ja, sumul ɗin kaifi kuwa yakan zame in ba a wasa shi sosai ba.

Makulli: dole ta zama mai kulle kanta idan an buɗe. Wadda ba ta kullewa tana iya naɗewa a kan yatsu lokacin da ake dannawa da ƙarfi. Ta buɗu da hannu ɗaya, hagu ko dama, don ba ka san wanne hannu zai rage maka ba. Ƙota mai launin ruwan ɗorawa ko lemo, mai kaushi, ba baƙa mai santsi ba.

Spyderco Assist misali ne mai kyau: bakinta dakusasshe, mai haƙora, kuma tsininta na fasa gilashi a ɓoye yake, sai ka matse wuƙar a rufe cikin ƙota sannan ya leƙo. Benchmade Triage tana da ƙugiyar yanke bel daban da bakin wuƙar. Victorinox RescueTool ma har zarton gilashi gare ta.

Oga Musa Kwana-kwana:
Kabiru, duk abin da ka lissafa daidai ne ga wanda ya zo ceto daga waje, yana tsaye da ƙafafunsa, idonsa a buɗe. Tambayar Malam Aminu ta wanda ke ciki ce. Wannan mutum kansa ya bugu, hannu yana rawa, ƙurar jakar iska ta cika motar, mai yiwuwa dare ne, mai yiwuwa kuma a kife yake. A irin wannan hali buɗe wuƙa mai kaifi kusa da wuya da cinya ƙarin hatsari ne.

Sannan ka ce tana jikinka. A ina? Aljihun wando na gaba. Daidai nan bel ɗin ƙugu yake bi, kuma a lokacin karo akwai na'urar da ke fizge bel ta ɗaure shi tamau, ba ya sake saki. Wuƙar tana ƙarƙashin abin da kake son yankewa. Hannu ba zai shiga aljihun ba.

Ga wanda ke ciki, ƙugiya ce ta fi: reza ce a ɓoye cikin tsagi, yatsa ba ya shiga, bel kaɗai ke shiga. Da kuma mai sifirin na fasa gilashi. Wuƙa ta zama ƙari, ba ita ce ta farko ba.

Kabiru Wuƙa:
Ranka ya daɗe, maganar aljihu na karɓa. Amma tsinin gindin wuƙa fa yana fasa gilashi lafiya lau.

Injiniya Balarabe:
Yana fasawa in an cika sharaɗi biyu: tsinin ya fi gilashin tauri, kuma an samu filin kai duka. Gilashi a ma'aunin tauri na Mohs yana wajen 5.5. Ƙarfen wuƙa kusan nan yake ko sama kaɗan, shi ya sa tsinin ƙarfe na wuƙaƙe masu araha yake dakushewa bayan duka ɗaya ko biyu. Kabaid na tangistin, wani haɗin ƙarfe mai tsananin tauri, yana kusa da 9, shi ake nema. In ba a rubuta cewa tsinin kabaid ne ba, a ɗauka ba shi ba ne.

Filin kai duka kuma shi ne inda guduma da wuƙa suke faɗuwa. Direba a zaune, kafaɗarsa na jingine da ƙofa, tsakaninsa da gilashi bai kai kamu ɗaya ba. In ruwa ya shigo, hannu ba ya gudu a cikin ruwa. Mai sifirin ba ya buƙatar ko ɗaya: ka ɗora bakinsa a gilashi, ka danna har sifirin ya ɗanu ya saki, ƙusar ciki ta harba da kanta. Irin aikin da abin alamar huda ƙarfe na masu walda mai harbawa da kansa yake yi ne, kuma shi ma wannan yana fasa gilashin mota, sai dai ba shi da abin yanke bel. resqme shi ne sananne a wannan layi. Lifehammer kuma a ɓangaren guduma, su ma suna da samfuri mai sifirin.

Wani abu, Kabiru: in za a daki gilashi da gindin wuƙa, a rufe take. Hannu yakan bi ta cikin tagar bayan ta fashe, in wuƙar a buɗe take labari ya canza.

Malam Sani Mai Gilas:
Wurin dukan ma yana da muhimmanci. Tsakiyar gilashi tana lanƙwasawa ta shanye ƙarfin. A nufi kusurwar ƙasa, kamar yatsa biyu zuwa uku daga bakin ƙofa, inda firam ya riƙe shi gam. A kau da fuska, a rufe ido. In ba ta fashe ba a matsa gefe kaɗan a sake.

In an liƙa wa gilashin ledar duhu, zai fashe amma ba zai zube ba, zai tsaya a matsayin faifai ɗaya mai laushi. Sai a tura shi waje daga kusurwar sama da gwiwar hannu ko takalmi. Sannan a share ragowar da ke bakin tagar da abin hannun, ba da tafin hannu ba, tunda ta nan ciki da cinya za su bi.

Hajiya Rabi Nas:
A bar ni in sa baki a nan, don kada wani ya karanta ya ɗauka duk hatsari sai an fasa an ja mutum waje. Idan babu wuta, babu ruwa, babu wata motar da za ta sake afkowa, wanda ya ji rauni a bar shi a kujerarsa. A kashe inji, a ja burkin hannu, a riƙe masa kai daidai yadda yake, a danne inda jini ke zuba, a kira masu ceto. Jan mutumin da ƙashin wuyansa ko na bayansa ya taɓu yana iya zama sanadin shanyewar jiki har abada. Bel ɗin ma wani lokaci shi ke riƙe da shi a daidai, yanke shi ba dole ba ne.

In dole sai an fasa gilashi daga waje, a zaɓi tagar da ta fi nisa da shi, in da hali a rufa masa mayafi ko riga. Kuma ga mai taimako, almakashin asibiti mai dakusasshen baki ya fi wuƙa: yana cin bel, yana cin wando mai kauri, ba ya taɓa fata. Leatherman Raptor irinsa ne mai naɗewa, da ƙugiya da tsinin kabaid a jiki, amma na talaka ma yana yanka.

Oga Musa Kwana-kwana:
Hajiya ta yi gaskiya. In ƙara da jakar iska da ba ta tashi ba, tana iya tashi daga baya. Ƙa'idar da ake koyar wa masu ceto a Turai ita ce tazarar santimita 30 daga ta gefe, 60 daga sitiyari, 90 daga ta gaban fasinja. Kada a cusa wuƙa cikin rufin ginshiƙan mota ko gefen kujera, nan tulun gas na jakar yake. Waya mai ruwan ɗorawa ta jakar iska ce. Mai launin lemo a motar lantarki ko mai haɗin inji da batir, babbar wuta ce, ba a taɓa ta ko da wasa.

Aminu D.:
Na gode ƙwarai. To yaya ake yanke bel ɗin daidai? Da maganar ruwa, wasu na cewa a jira motar ta cika sannan a buɗe ƙofa.

Oga Musa Kwana-kwana:
Bel tukuna. Fara da danna maɓallin bel ɗin, ja ɗin nan, mafi yawan lokaci yana buɗewa. Abin da ke sa a ce ya maƙale shi ne nauyin jiki da ya rataya a kansa idan mota ta kife ko ta kwanta a gefe. Sai ka tokare rufin da hannu ɗaya, ka taka dashbod da ƙafafu ka ɗaga jikinka kaɗan, nauyin ya sauka daga kan maɓallin, sannan ka danna. Ka sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, don da ya saki faɗowa za ka yi, kuma ba a son a sauka a kan tsakar ka.

In ya ƙi, sai yanka. Faɗin bel bai kai santimita 5 ba, amma an saƙa shi ya ɗauki fiye da tan ɗaya da rabi, ba ya tsinkewa da fizga. Ja shi da hannu ɗaya ya miƙe tsaf, nesa da jiki. Saƙala ƙugiyar a gefensa, ka ja a karkace, ba a miƙe ba, jan ya nufi nesa da kai. Sako-sakon bel naɗewa yake ya cushe cikin tsagin, rezar ta kasa ci. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi. Yanke na ƙugu, shi ke riƙe da mutum. Na kafaɗa da na ƙugu zare ɗaya ne da ya bi ta cikin harshen ƙarfen, don haka yawanci in ɗaya ya yanke sauran zarewa yake, in bai zare ba a yanke shi ma, can ƙasa nesa da wuya.

Kujerar yaro tana da nata madauri. Yanke bel ɗin mota yana sakin kujerar ne, ba yaron ba. In ana gudun ruwa ko wuta, a buɗe maɓallin tsakiyar ko a yanke madaurin kafaɗa biyu a ciro shi.

Injiniya Balarabe:
Maganar jira motar ta cika, a watsar da ita. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya nutsar da motoci da mutane a ciki don gwaji, kuma abin da ya fitar shi ne mutum yana da kusan minti ɗaya, lokacin da motar ke yawo a saman ruwa kafin ruwan ya kai gilashi. Tsarinsa: cire bel, buɗe taga, fita nan take, yara a gaba. A fara da babban yaro, don shi zai iya riƙe kansa a waje yayin da ake kwance ƙaramin. Kiran waya kuma sai an fita.

Dalilin da ya sa ba a taɓa ƙofa, lissafi ne. Ƙofa mai faɗin mita ɗaya, ruwa ya kai rabin mita a jikinta daga waje, ciki babu: nauyin da ke danne ta wajen kilo 125 ne. In ya kai mita ɗaya, kilo 500. Ko an samu an buɗe ta da wuri, ruwa zai kwararo, motar ta nutse da sauri da waɗanda ke baya. Wanda ya jira ta cika kuma sai ya riƙe numfashi har matsin ciki da na waje su daidaita, a cikin duhu, motar tana tafiya ƙasa da kai.

Gilashin lantarki yakan ci gaba da aiki na ɗan lokaci bayan an faɗa ruwa, don haka maɓallin shi ne abin gwadawa na farko. Da zarar ruwa ya hau gilashin, yana danne shi a jikin firam, injin ɗaga gilashin ba ya iya jan sa. Nan ne mai sifirin yake da rana. Kuma gefen inji ne ke fara nutsewa, tagogin baya sun fi daɗewa a sama.

Ɗan Baba:
Ai ba sai an sayi komai ba. A zare majinginar kai ta kujera, ƙarafunta biyu an yi su ne don fasa gilashi.

Malam Sani Mai Gilas:
Ɗan Baba, ba don haka aka yi su ba. Bakinsu a dakushe yake, duka da su ba ya yin komai. Dabarar da ke aiki wani lokaci ita ce a cusa ƙarfe ɗaya cikin tsagin da ke tsakanin gilashi da ƙofa, a ja majinginar zuwa ciki ya banƙare bakin gilashin. Amma sai ka juya baya, ka danna maɓallinta da hannu ɗaya ka ja da ɗayan, wata ma sai an kwantar da kujera don rufi ya tare ta, wata a haɗe take da kujerar ba ta fita sam. Duk a cikin minti ɗaya. Farin tangaran na jikin fulogi ya fi ta, don ya fi gilashi tauri, sai dai jifa ake yi da shi, kuma wa zai nemo ɗan gutsure a mota mai nutsewa?

Gilashin gaba kuma a manta da shi. Na tsofaffin motoci mai zagayen roba ana iya ture shi da ƙafa. Na yanzu a manne yake da gam a jikin bodi.

Kabiru Wuƙa:
To ga inda zarton Victorinox ya shigo. Mai leda, ana huda rami da tsinin, a zura zarton a yanka.

Oga Musa Kwana-kwana:
Yana yanka, amma aikin mintuna ne, da hannu biyu, da safar hannu, da abin rufe hanci da ido saboda garin gilashi. Aikin na waje ne. Wanda tagarsa mai leda ce, abin da zai yi tun yau shi ne ya san wace taga ce gasasshiya a motarsa. Sau da yawa ƙofofin baya da gilashin but gasassu ne ko da na gaba masu leda ne. In duka masu leda ne, to maɓallin sauke gilashi shi ne makaminsa, ya danna shi tun a daƙiƙar farko. Masu ƙofar lantarki kuma su nemo hannun buɗewa na gaggawa a littafin motar. A Tesla Model 3 na ƙofar gaba yana gaban maɓallan gilashi. A tuna da makullin yara na ƙofofin baya ma, in yana kunne ba sa buɗuwa daga ciki ko ƙofar lafiyarta ƙalau.

Hajiya Rabi Nas:
A yi maganar inda za a ajiye shi, don mafi yawa a aljihun dashbod suke jefawa.

Injiniya Balarabe:
Nan ne wuri mafi muni, Hajiya. In bel ya ɗaure, hannun direba ba ya kai wa can, murfin kuma yakan cije ko gwiwar fasinja ta danne shi. Aljihun ƙofa ma haka, ƙofar ce ke fara lotsewa. A sake shi a kan kujera ko wurin kofi kuwa, tashi zai yi. Mota mai gudun kilomita 50 a awa in ta tsaya cikin rabin mita, komai na ciki nauyinsa ya ninka kusan sau 20. Wuƙa mai giram 200 ta zama kilo 4 a iska.

Gwajin wuri mai sauƙi ne. Zauna, ɗaura bel, fizge shi ya kulle, manna bayanka da kujera, rufe ido. Duk inda hannun dama da na hagu suka kai, nan ne. Yawanci gefen akwatin tsakiya kusa da giya, ko madauri a jikin abin tare rana. A ɗaure da noti ko igiyar roba mai zugewa, kada a dogara da gam, cikin mota a rana yana wuce digiri 60 kuma gam yana saki. A kauce wa duk inda aka rubuta Airbag. Ratayawa a makulli yana da kyau in makullin a soke yake a jikin sitiyari. In motar ta danna maɓalli ce, makullin yana aljihu ko jaka, an koma matsalar wuƙar Kabiru. A sa na biyu a baya, a nuna wa duk wanda ya isa amfani da shi.

Kabiru Wuƙa:
Shi kenan, mai sifirin a mota, wuƙa a jiki. Ga masu son wuƙar, a duba dokar inda ake. A Birtaniya wadda ake yawo da ita ba tare da dalili ba sai mai naɗewa, marar kullewa, bakinta bai wuce inci 3 ba. A Jamus an taƙaita yawo da mai kullewa da ke buɗuwa da hannu ɗaya. Wato siffofin da suka sa ta dace da ceto su ne doka ke kamawa a wasu ƙasashe. Ƙugiya da mai sifirin ba su da wannan rigima.

Malam Sani Mai Gilas:
Kuma a gwada abin da aka saya, jabu sun yi yawa. Danna mai sifirin a jikin katako mai tauri: ya yi ƙara ƙas, ya bar ɗan rami mai zurfi, ya koma mazauninsa da kansa. In ya yi laushi ko ƙusar ta maƙale, a jefar. A nemi guntun tsohon bel a wurin masu kayan tsofaffin motoci a gwada ƙugiyar, ja ɗaya ya kamata ta raba shi. In rezar ta fara tsatsa a sake sabo, ba a wasa ta.

Aminu D.:
Tambaya ta ƙarshe, Malam Sani. Gilashin baya na motoci da yawa ba ya sauka har ƙasa, rabi yake tsayawa. Babba ba zai fita ta nan ba. Mai sifirin zai fasa shi a haka?

Malam Sani Mai Gilas:
Zai fasa in gasasshe ne, amma samansa ba shi da abin da ya riƙe shi, in ka danna can lanƙwasawa zai yi sifirin ya kasa ɗanuwa. Ɗora bakin a ƙasa, dab da robar bakin ƙofa, ka danna a miƙe ba a karkace ba. Rabin da ke cikin ƙofar zai zube a ciki, na sama ya faɗo, tagar ta buɗe gaba ɗaya. Ƙaramin gilashi mai kusurwa uku da ke bayanta kada a ɓata lokaci a kansa, ko ya fashe kafaɗa ba ta wucewa.